Inda Ake Kashe Inji Don A Saurara

Muna wuce Mahuta direbanmu ya kashe rediyo. Tun daga Koko yake sakar mana wa'azi da ƙarfin da har marfin ƙofa yake karkarwa, ba wanda ya ce masa uffan, tunda mota tasa ce, malamin ma nasa ne. Amma a nan sai ya murɗe abin, ya sauke gilashi har ƙasa duk da ƙurar hunturu, ya rage gudu. Wata dattijuwa da ke bayana ta katse hirar da take yi da jikarta. Na tambaye shi ko motar ce ta sami matsala.

"Lafiyarta lau, Malam. Daga nan zuwa gaba da kunne ake tuƙi."

Babura yake saurare. Babur ɗaya ko biyu ba komai ba ne, manomi ne ko ɗan kabu-kabu. Amma in sun yi yawa har ƙararsu ta haɗe ta zama guda, kuma tana tasowa daga cikin daji ba daga kan kwalta ba, to sai ka juya tun kana da wurin juyawa. Ranar ba mu ji komai ba sai tayoyinmu da kukan wata cilakowa. Muna shiga Dabai ya mayar da wa'azinsa daga inda ya tsaya.

Ɗaurin auren ƙanen wani abokina ne ya kai ni Zuru. Sai dai na tafi da wani abu a raina, domin a lokacin ina ta karanta aikin masanan da ke yawo da na'urar naɗar sauti a keɓaɓɓun dazuzzuka da hamadun duniya, suna auna yadda ƙarar inji ke cinye sautin halitta a wuraren da doka ta ce a bar su yadda Allah Ya yi su. In ka kawo wa mutanenmu wannan magana, da yawa za su ce damuwar ƙoshi ce, ta wanda ya gama da yunwa ya koma neman inda zai ji kukan tsuntsu. Duk wanda ya zauna a motar nan tsakanin Mahuta da Dabai ba zai faɗi haka ba.

Zuru ba hamada ba ce. Tana cikin sassan da suka fi samun ruwan sama a jihar Kebbi, ƙasar duwatsu da kwazazzabai da ɗorawa da kaɗanya, inda dawa ke tsayi har ta shanye mahayin babur. Masarautar ta haɗa ƙananan hukumomi huɗu, Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, kuma a cikinta Lelna, waɗanda Hausawa suka fi sani da Dakarkari, suna zaune tare da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani. Ƙasar sojoji ce: daga nan Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, haka ma marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya taɓa yin gwamnan soja a Bauchi, ya rasu a 2025. Mutanen garin za su ce maka golmo ne ya horar da su, wato noman da saurayi ke yi wa surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Wanda ya jure wannan, in ji su, fareti wasa ne a gare shi.

Garin kansa ba ya shiru ko na minti ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba. Kafin asuba lasifikokin masallatai sun fara, ranar Lahadi na coci-coci su karɓa da ganga da jita, domin a nan gida ɗaya sai ka sami mai zuwa masallaci da mai zuwa coci suna cin tuwo a kwano guda. Da hantsi injinan niƙa, masu walda, masu faci, da mai maganin basir da ya ɗaure lasifika a kan mota yana faɗin abin da ba ya faɗuwa a gaban surukai. In an ɗauke wuta kuwa kowane mai shago ya ja igiyar janaretonsa.

Kawun abokina, wanda a gidansa aka sauke ni, tsohon soja ne da ya yi Laberiya da Saliyo. Kunnensa na hagu ya mutu a bakin babbar bindiga, don haka in zai saurare ka sai ya juyo maka da na dama ya karkata kai. Da na gaya masa abin da nake karantawa bai yi dariya ba. Ya ce in ina son jin ƙasar Zuru in shirya bayan sallar asuba.

Muka hau wani dutse a bayan gari, shi a gaba da sandarsa da takalmin roba, ni a baya ina haki. A hanya ya nuna mini kufai: da'irar duwatsu inda ɗakuna suka taɓa tsayawa, maniƙa da ta lotsa don aiki, fasassun tukwane. A kan irin waɗannan duwatsu kakanninsu suka zauna a ƙarni na 19, lokacin da mahaya daga Kontagora da wasu wurare ke kawo harin kamun bayi, sai daga baya aka riƙa saukowa fili. Mutum zai ɗauka don hange suka hau. Kawu ya ce har da ji. Da dare ido ba ya aiki, amma kofaton doki a kan tsakuwa, ko zabin daji da aka tayar daga barci, suna isowa kan dutse tun maharan suna nesa.

Da muka kai ƙololuwa ya ce, "Zauna, ɗana. Kada ka buɗe baki sai ka ƙirga abu goma da kunnenka ya kama."

Da farko numfashina kawai nake ji. Can sai abubuwa suka fara rarrabuwa. Fakara ta soma daga gindin dutsen da muryarta mai kaushi, wata ta amsa daga tsallaken kwazazzabo. Kurciyoyi. Iska a cikin busasshen gamba, wadda muryarta dabam take da ta iskar da ke kaɗa ganyen giginya. Wani abu ya ruga cikin duwatsu, Kawu ya yi mini alama da hannu cewa rema ce. Zakaru daga ƙauyuka mabambanta, kowanne da nisansa. Guga ta bugi bakin rijiya. Sa'an nan lugude: mata biyu suna daka a wani gida da ko jinkarsa ba na hangowa saboda hazo, amma taɓaren suna faɗuwa a kunnena ɗaya bayan ɗaya, har da tafin da ake yi tsakanin bugu da bugu. Wani Bafillace yana kiran shanunsa, su kuma suna amsawa.

Sanyin safiya ne ke taimakawa. In dare ya yi ƙasa tana hucewa, iskar da ke dab da ita ta fi ta sama sanyi, sai sautin da ya tashi zai yi sama ya lanƙwaso ya komo ƙasa, ya yi nisan da ba zai yi ba da tsakar rana. Shi ya sa kiran sallar ƙauyen da ba ka taɓa ji da azahar ba yake zuwa maka har ɗaki da asuba. Tsuntsaye ma a wannan lokacin suke cinikinsu, na neman abokin zama da na shata iyaka.

Ban kai goman ba injin niƙa ya tashi a ƙauyen da ke ƙasa. Luguden ya ɓace. Ba dainawa matan suka yi ba, domin da injin ya tsaya don a zuba wani kwanon sai ga su nan suna yi. Guga ta ɓace, zakarun nesa suka ɓace, aka bar ni da fakarar da ke kusa. Daga wani gefen kuma injin yankan itace ya shigo, masu gawayi sun fara kayar da kirya.

Abin da ya faru a kan dutsen nan yana da lissafi. Da desibel ake auna ƙarfin sauti: raɗa wajen 30, hirar yau da kullum wajen 60, babur in kana kusa da shi 90 ko fiye, injin yankan itace ya haura 100. Ma'aunin ba ya hawa ɗai-ɗai. Ƙarin 3 kacal yana nufin ƙarfin ya ninka biyu, ƙarin 10 kuwa ya ninka goma. Abin da ya dami mai rai shi ne faɗin filin da kunnensa ke iya tsarewa. In ƙarar da ke wuri ta hau da desibel 3, rabin wannan fili ya tafi. In ta hau da 10, kashi 90 cikin ɗari ya tafi, motsin da a da ake ji daga mita 100 yanzu sai ya matso wajen mita 30.

A 2017 wata masaniya, Rachel Buxton, da abokan aikinta na Jami'ar Jihar Kolorado suka fitar da bincike a mujallar Science, bisa sautin da aka naɗa a wurare 492 a faɗin Amurka. Suka gano cewa a kashi 63 cikin ɗari na keɓaɓɓun wuraren ƙasar ƙarar ɗan Adam ta ninka sautin wurin sau biyu, a kashi 21 kuwa sau goma ko fiye. Wannan fa a ƙasar da tun 1964 take da dokar da ta ware wasu dazuzzuka ta hana mota da inji shiga cikinsu, amma har a cikin waɗannan kashi 12 ba su tsira ba. Majalisarsu sai da ta yi wata doka a 1987 saboda jiragen 'yan yawon buɗe ido da ke shawagi a kan Grand Canyon. Ana iya kafa turaku a ce daga nan ba farauta, ba sara, ba kiwo. Ƙara kuwa hayaƙin murhun maƙwabci ce, katanga ba ta tare ta.

Muna saukowa na ce wa Kawu injin nan ya ɓata mana safiya. Ya ce in je in faɗa wa matarsa haka, wadda ta yi ƙuruciyarta durƙushe a kan maniƙa har gwiwoyinta suka yi kanta. Gaskiyarsa. Ba ni da ta cewa ga injin da ke aikin sa'a biyu ya hutar da mata ɗari. Lelna ma ba mutanen shiru ba ne: wanda ya ga Uhola, bikinsu na bayan girbi, ya san ganguna da ƙahoni da ihun filin kokawa. Amma ganga tana da makaɗi, makaɗi yana gajiya, kiɗa yana da farko da ƙarshe, tsakanin bugu biyu akwai gurbin da wani sautin zai ratsa. Janareto ba shi da gurbi. Gunjinsa mai kauri ne, irin wanda ya fi kowane sauti tafiya nesa, kuma yana nan daga magariba har man ya ƙare.

Da la'asar abokina ya biya da ni ta Girmache, kurmin nan na cikin Zuru mai ruwa da kadoji, inda masu bin addinin gargajiya ke kai sadakarsu. Tsoro da girmamawa ne suka hana gatari shiga, ba takardar gwamnati ba. Itatuwan suna nan da kaurinsu. Amma ko a tsakiyar inuwar kana jin hon ɗin 'yan kabu-kabu a bakin titi.

Daren walima barci ya gagara, masu kiɗan zamani sun kafa lasifikoki masu tsayin mutum a ƙofar gida. Na zagaya bayan layi, na tarar da mai gadin wani kanti, dattijo Ba'abzine, ya naɗe fuska da rawani yana fifita gawayi a ƙarƙashin 'yar butar shayi. Ya matsa mini a tabarma. Daga wajen Timiya yake a cikin duwatsun Abzin, kuma yana yaro ya bi mahaifinsa ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma, tafiyar makonni a cikin hamadar Tenere, su kai gero su komo da kantu da dabino. Na tambaye shi yadda dare yake a can.

"Malam, can ba abin da ke kuka. Ba tsuntsu, ba gyare, ba ganye. In raƙuma suka kwanta tuƙarsu kawai kake ji, in sun daina sai ka ji jininka yana tafiya a kunnenka. Yaron da bai saba ba kuka yake yi." Ya ɗaga buta sama ya tsiyaya. "Mota kuwa, kana ɗora shayi za ka ji ta, ba za ta iso ba sai ka wanke kofuna."

A zamanin mahaifinsa, in ji shi, jin mota a Tenere labari ne da ake kawowa gida. Akwai wata itaciyar ƙaya tilo da madugai ke saiti da ita, wadda babu wata kusa da ita sai an yi kwanaki a kan raƙumi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, a filin da ba abin da za a kauce wa sai ita kaɗai. Gawarta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. A shekarun 1980 motoci da baburan tseren Faris zuwa Dakar suka riƙa keta Tenere su kwana Agadas. Sa'an nan jerin gwanon Hilux masu kai matafiya Dirku da Libiya. A 2014 aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten, dubban mutane suka kwarara, kowane sansani da janareto da injin fasa dutse da tankar ruwa.

Duk wannan a ciki ko a gefen ƙasar da ke da kariya mafi girma a takarda. A 1988 Nijar ta keɓe Abzin da Tenere, kimanin hekta miliyan 7.7. A 1991 UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya, a 1992 kuma, saboda tawayen da ya ɓarke, ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari.

Dabbar hamada da kunne take rayuwa, domin abinci ya yi nisa da juna, maɓoya kuma babu. Yanyawar sahara duk jikinta bai cika kilo biyu ba, amma kunnuwanta suna kai santimita 10 zuwa 15, da su take jin motsin ƙwaro a ƙarƙashin rairayi ta tona. A hamadar kudu maso yammacin Amurka akwai wani kwaɗo da ke binne kansa watanni, ba ya fitowa sai ya ji rugugin tsawa da ruwan farko, abin da kowane ɗan ƙauyenmu ya sani game da kwaɗin tafkinsu. Masana biyu, Brattstrom da Bondello, suka wallafa a 1983 cewa ƙarar babur tana fito da shi daga rami, ya tarar da rana ƙwal ba ko ɗigon ruwa. Suka kuma nuna cewa wani ɓeran hamada mai tsalle yana kurmancewa na makonni bayan ƙarar motocin wasan rairayi, ya kasa jin jan cikin macijin da ke farautarsa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne aikin Clinton Francis a jihar New Mexico, inda rijiyoyin iskar gas ke da injinan matsa iska masu aiki dare da rana. Akwai wani tsuntsu da ke ɗaukar 'ya'yan wata itaciya yana binnewa don gaba, waɗanda ya manta su tsiro. Tsuntsun ya guji wuraren ƙara, ɓerayen da ke cinye irin kuwa suka ji daɗinsu. Da aka ƙirga a binciken 2012, ƙananan itatuwan sun ninka sau huɗu a wuraren shiru. Itace ba shi da kunne, amma ga shi ƙara ta hana shi haihuwa.

Kudu maso gabas da Tenere akwai Termit da Tin Tumma, wanda Nijar ta keɓe a 2012, kimanin murabba'in kilomita 97,000. Nan ne mafakar ƙarshe ta wata babbar barewa fara mai murɗaɗɗun ƙahoni, wadda masana ke kira adaks, dabbar da ke iya wata da watanni ba ta sha ruwa ba. A 2010 an ƙiyasta saura 200. A watan Maris na 2016 aka yi ta nema ta sama da ta ƙasa, aka ga uku. Ƙungiyar IUCN ta ɗora alhakin a kan hayaniyar aikin man fetur na kamfanin CNPC a yankin Agadem da farautar sojojin da ke gadin aikin. A 2019 gwamnati ta sake shata iyakar gandun, ta fitar da babban yanki inda rijiyoyin man suke. Harsashi ne ya kashe dabbobin nan, ba ƙara ba, wannan ba gardama. Amma inji ne ke shiga gaba. Shi ke tayar da garke daga inuwar da ya samu da kyar, ya sa shi gudu a tsakiyar zafi yana ƙone ruwan jikin da ba shi da inda zai mayar. Dabbar da ta gaji, kuma kunnenta ya cika da gunjin mota ta ko'ina, ba ta da wuyar harbi.

Mu ma muna da namu keɓaɓɓun wurare kewaye da ƙasar Zuru. Kudu akwai Kainji, gandun daji na ƙasa na farko a Najeriya, wanda aka kafa a 1979 da haɗa Borgu da Zugurma, murabba'in kilomita 5,340. Gabas akwai Kuyambana a Zamfara, da Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. A takarda wuraren giwa ne da gwanki da ɓauna. A kunnen mutanen da ke zaune a bakinsu wuraren babura ne, da harbi, da rugugin jirgin yaƙi. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, suka kashe fiye da 60. A Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga kafin gari ya waye aka tafi da ɗalibai 25. Mutumin ƙauye a nan yana kwana da kunne a buɗe, yana rarrabe haushin karen da ya ga dila da na wanda ya ji baƙo. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Matsayinsa da na barewar Termit ɗaya ne: rayuwarsa tana rataye da nisan da yake iya ji.

Kawu ya ce shirun daji iri biyu ne, kada in haɗa su. Akwai wanda muka samu a kan dutse, wanda cike yake da abubuwa. Akwai kuma wanda ya tarar ranar da ya raka wasu dangi kwaso hatsi daga ƙauyen da aka watse: ba zakara, ba turmi, ba yaro, ƙofar langa-langa kawai iska ke bugawa. "Na yi yaƙi a ƙasa biyu," in ji shi, "ban taɓa jin abin da ya tayar mini da tsikar jiki irin wannan ba."

Shi ya sa nake ɗan ja da baya da yadda ake tallar shiru a wasu wurare. A 2024 wata ƙungiya mai suna Quiet Parks International ta ba gandun NamibRand da ke hamadar Namibiya shaidar zama wurin shiru na farko a Afirka, kuma baƙi suna biyan kuɗi masu kauri su je su kwana su saurara. Ban ƙi ba, kuɗin yana ciyar da masu gadin dajin. Amma in hutun baƙo ya zama ma'auni, to za a kare shiru ne kawai inda akwai mai saye, a bar makiyayin Termit da manomin Wasagu, waɗanda su ne ke buƙatarsa don su kwana da rai. Najeriya tana da dokar ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, sai dai in ka ji ana maganarta to rikicin gidan rawa ne da maƙwabta a Legas ko Abuja.

Kafin in bar ƙasar muka je ƙauyen su Kawu gaisuwar dangin amarya, muka tarar ana zama a ƙofar gidan mai unguwa. Maganar janareton gidan kallon ƙwallo ce. Shugaban 'yan sa-kai, da bindigarsa ta toka a kan cinya, ya ce muddin abin nan yana aiki ba sa jin komai daga tsallaken rafi, kuma ta nan ake shigowa. Ya ƙara da ƙorafi kan samarin da ke cire salansar babur don a san sun wuce: ranar nan ɗaya ya dawo daga zance cikin dare, rabin gari ya kwana a gona.

Mai gidan kallon ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na biya kuɗin wata na tasha. In na rufe da isha, wasan Turai da ƙarfe tara ake farawa, me zan ci?"

Samari suka goya masa baya daga can gefe, wani tsoho ya daka musu tsawa. Aka yi ta ja. Can wani yaro ɗan ƙauyen, ɗalibi a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, ya nemi izini ya yi magana. Ya sa aka tayar da janareton, ya fito da wayarsa mai manhajar auna sauti, ya tsaya a fili ya nuna wa mai unguwa lambar, sa'an nan ya zaga bayan katangar ƙasa ya dawo ya nuna masa yadda ta faɗi. Shawararsa ita ce a gina wa injin ɗan ɗaki na tubali mai kauri a gefen gari, bakinsa ya ba rafi baya, a bar masa kafar shan iska da ta fitar hayaƙi don kada ya kashe wani, a kuma gyara salansarsa da ta huje.

Mai unguwa ya yanke: a gina ɗakin, daren da ba wasa a kashe inji bayan isha, daren wasa kuma da an tashi a kashe, ba fim ba kiɗa. Duk wanda aka kama da babur ba salansa zai biya tara, kuɗin ya shiga asusun batirin tocilan 'yan sintiri.

Mai gidan kallon ya ce ya ji ya yarda, amma wa zai biya kuɗin tubali da magini?

Kawu ya juyo da kunnensa na dama, aka maimaita masa tambayar. Ya nuna samarin da sandarsa.

"Ga majiya ƙarfi nan. Wanda zai iya ihu minti casa'in don an ci Arsenal zai iya kwaɓa ƙasa. Gobe da safe kowa ya zo da fartanyarsa."